Waldar Leza a Gyaran Kayan Ado: Yadda A Ke Yinta da Kalmomin Koyar da Ita

Gabatarwa

Hausawa sun raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da gatari da lauje. Akwai kuma maƙeran fari, waɗanda aikinsu ya ke kan azurfa da tagulla da zinariya, su ne masu yin zobe da munduwa da 'yan kunne, su ne kuma a kan kai wa gyara in sarƙa ta tsinke. Wannan 'yar takarda ta shafi gida na biyu. Manufarta ita ce ta bayyana wata hanya ta haɗa ƙarfe da haske, wadda masu gyaran kayan ado a Turai da Amurka suka runguma tun cikin shekarun 1990. Za mu ga yadda na'urar ta ke aiki, da dalilin da ya sa a ke busa wata iska ta musamman a wurin haɗin, da abin da ya wajaba mai koyo ya sani. Daga ƙarshe za mu duba kalmomin da za a yi wannan bayani da su a Hausa, gama sana'ar da masu ita ba su da sunayen sassanta a bakinsu, koyar da ita wuya gare shi.

Liƙi da walda

A ce wata mata ta kawo wa maƙeri zoben zinariya da ta gada wurin uwarta, da dutsen zumurrudu a kansa, ɗaya daga cikin 'yan faratan da su ke riƙe da dutsen ya cinye. In maƙerin zai gyara bisa hanyar da aka saba, sai ya ɗora ɗan guntun sinadari a wurin, ya hura masa wuta har ya narke ya bi tsakanin ƙarafan biyu ya kama su. Wannan shi ne liƙi. A cikin liƙi ƙarafan da a ke haɗawa ba su narkewa, ƙarfe na uku ne ya ke narkewa, domin an haɗa shi yadda zai riga su narkewa.

To, wahalar ita ce zinariya da azurfa suna kai zafi nesa da sauri ƙwarai. Kafin wurin liƙin ya yi zafin da a ke so, zoben duka ya ɗauka. Zumurrudu kuwa ba ya jure wuta, tsagewa ya ke yi. Haka lu'ulu'un teku da murjani, ƙonewa su ke yi. Tilas maƙeri ya ɓamɓare dutsen tukuna, ya yi liƙi, sa'an nan ya mayar, a wurin cirewa da mayarwar kuwa dutse ya kan fashe. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Har wa yau wutar ta kan narkar da tsohon liƙin da ke kusa, ta baƙanta fuskar ƙarfen, ta kashe ƙarfin ɗan sifirin da ke cikin maɓallin sarƙa. Launin sinadarin ma sau da yawa ya kan ɗan saɓa da na zoben, in kuma aka sa wanda zinariyarsa ba ta kai ta zoben ba, darajar kayan ta ragu a wurin nan.

Walda dabam ta ke. A cikinta bakunan ƙarafan biyu su da kansu su ke narkewa su gauraya, in sun huce su zama abu guda. In akwai giɓi, da irin ƙarfen nan nasu a ke cike shi. Abin da ya daɗe yana hana yin walda a kan ƙananan kayan ado shi ne rashin wutar da za ta narkar da wuri ƙanƙane ta bar sauran da sanyi. Wannan wutar ita ce leza ta kawo.

Asalin leza da yadda ta ke aiki

Wanda duk ya taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girma har ya ƙona takarda, ya riga ya san rabin zancen: haske in an tara shi wuri ɗaya, zafi ya ke zama. Sai dai hasken rana da na fitila gauraye su ke da launuka iri iri, kuma warwatsuwa su ke yi ko'ina. Hasken leza kuwa launi ɗaya ne, tafiyarsa gaba ɗaya ce, saboda haka a kan iya matse shi ya zama ɗigo ɗan mitsitsi.

Albert Einstein ne ya bayyana tushen ilmin a 1917, amma sai ran 16 ga Mayu 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu, cikin Kalifoniya ta Amurka, da sandan jan yaƙutu. A 1964 masu bincike na ɗakin binciken Bell suka fito da wata iri da a ke kira Nd:YAG, ita ce kuwa aka fi sa wa na'urorin masu kayan ado, ko da ya ke yanzu akwai waɗanda a ke yi da zaren gilashi. A cikinta akwai ɗan sandan dutse na haɗi, da fitila mai walƙiya a gefensa, da madubai biyu a kai da gindi. In fitilar ta walƙa sai sandan ya sha hasken ya fitar da nasa, wannan haske ya yi ta kai da komowa tsakanin madubai yana ƙaruwa, wani kashi nasa ya tsallake ta madubi ɗaya da aka yi shi don haka, gilashi ya tara shi a kan ƙarfe. Tsawon zangon wannan haske nanomita 1064 ne, watau ya wuce ja, idon mutum ba ya ganinsa. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta wajen zancen haɗari.

Na'urar kanta kamar ƙaramin akwati ta ke, da kafofi biyu na sa hannu, da madubi mai ƙara girma kamar sau 10 a sama. Mai aiki ya kan riƙe zoben da yatsunsa a ciki, ya leƙa ta madubin, ya daidaita wurin haɗin da wata 'yar alamar gicciye, ya taka feda da ƙafa. Kowane taki harbi ɗaya ne, in kuwa ya danne sai harbin ya yi ta zuwa a jere.

Mai karatu zai yi mamakin yadda mutum zai riƙe ƙarfe da hannu alhali ana narkar da shi. Lissafi kaɗan zai warware. A ce an yi harbi mai ƙarfin kilowat 5 wanda ya daɗe kashi 2 cikin 1000 na sakan. Abin da ya fita duka jul 10 ne, wanda ba zai ɗaga zafin ruwa cokalin shayi ɗaya ko da digiri ɗaya ba. Amma da ya ke an tara shi a ɗigon da bai wuce rabin milimita ba, ya isa ya narkar da zinariyar wurin, ita da ba ta narkewa sai a digiri 1064 na ma'aunin Salshiyas. Kafin zafin ya yi nisa harbin ya ƙare, ɗigon ya daskare. Duk da haka in aka jera harbi da yawa ba hutawa, kayan su kan yi zafi a hannu, musamman azurfa.

Ma'aunai huɗu

Abubuwa huɗu ne mai aiki ya ke juyawa, ilmin sana'ar kuwa yawancinsa a wurin daidaita su ya ke. Na farko ƙarfin harbi, shi ne ya fi hukunta zurfin da narkewar za ta kai. Na biyu daɗewar harbi, wadda a kan auna da kashi 1000 na sakan. In ta ƙaru, narkakken wurin ya kan faɗaɗa, zafin da ya ke shiga kayan ya yawaita. Na uku faɗin ɗigo, daga wajen milimita 0.2, watau kaurin gashi biyu ko uku, zuwa milimita 2. Na huɗu yawan harbi a sakan ɗaya.

Faɗin ɗigo shi ne ya fi ruɗin mai koyo. In aka rage faɗin da rabi, ba a taɓa sauran ma'aunai ba, zafin da ya ke sauka a wurin ninkuwa ya ke yi sau huɗu. Da haka ne harbin da ya yi daidai ɗazu zai huda ƙarfen yanzu. Ƙanƙanen ɗigo mai ƙarfi na shiga ciki ne, faffaɗan ɗigo mai sauƙi na lallashin fuska ne.

Halin ƙarafa

Kowane ƙarfe da halinsa a gaban leza, abu biyu ne kuwa su ke raba su: yawan hasken da ƙarfen ya ke mayarwa kamar madubi, da saurin da ya ke kwashe zafi daga wurin. Azurfa ta fi kowane ƙarfe a duka biyun. Saboda haka, ko da ya ke tana narkewa a digiri 962, ƙasa da zinariya, ita ce mafi wuyar walda. Dabarar masu sana'ar ita ce su shafa baƙin tawada a wurin, ko su karce shi ya daina sheƙi, don ya sha hasken. Filatinam kuwa, wanda sai a digiri 1768 ya ke narkewa, yana cikin masu sauƙi, domin yana shan haske, kuma yana riƙe zafi wuri ɗaya. Haka titaniyam da baƙin ƙarfe marar tsatsa.

Zinariya tsakani ta ke, halinta yana bin karat ɗinta. Tsantsa ita ce karat 24. Karat 22 tana da zinariya kashi 916 cikin 1000, karat 21 kashi 875, karat 18 kashi 750, karat 14 kashi 585. Sauran azurfa ne da jan ƙarfe, wani lokaci da zinki. Gwargwadon tsarkinta, gwargwadon ƙarfin harbin da ta ke nema. Zinki kuwa tafasa ya ke yi a digiri 907, saboda haka ƙarfen da ya ke da shi da yawa ya kan yi tartsatsi ya bar ƙananan ramuka. Wannan ne ya sa in leza ta faɗa kan tsohon liƙi sai ya fashe, tilas a goge shi sarai da magagari kafin a fara.

Iskar garkuwa

Iskar da mu ke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Ƙarfe in ya narke ya kan kama su da sauri, oksijin ta yi masa baƙin ɓawo, waldar ta yi ramuka a ciki, ta zama mai saurin karyewa. Maƙeri mai liƙi yana tsare wannan da ɗan garin da ya ke shafawa, wanda ya ke narkewa ya rufe wurin. A waldar leza ba a shafa kome. Maimakon haka akwai 'yar tiyo a cikin akwatin, wadda ta ke busa wata iska a kan ɗigon ta kore iskar duniya daga wurin.

Iskar da aka fi amfani da ita sunanta agon. Lord Rayleigh da William Ramsay ne suka gano ta a Ingila a 1894, suka raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar rago, domin ba ta haɗuwa da kome. Ragwancin nan nata shi ne amfaninta: ba ta ci da wuta, ba ta taɓa ƙarfe. Tana nan cikin iskar duniya kusan kashi 1 cikin 100, kuma ta fi ta nauyi, saboda haka in an busa ta sai ta kwanta a kan aikin kamar mayafi. Wadda a ke so ita ce tsantsa, irin mai tsarkin kashi 99.996 cikin 100. Gaurayen da masu waldar ƙofa da taga su ke amfani da shi, mai haɗe da iskar kabon, bai dace da wannan aiki ba.

Ƙarafa sun bambanta wajen bukatarta. Titaniyam ba ya waldawa da kyau sai da ita, haka baƙin ƙarfe marar tsatsa yana nemanta. Azurfa da zinariya mai ƙaramin karat su kan fito da tsabta in an sa ta, saboda jan ƙarfen da ke cikinsu. Filatinam da zinariya mai babban karat kuwa ba su yin tsatsa, a kan iya yi musu walda ba tare da ita ba. Titaniyam har shaida ya ke bayarwa da launi: in waldar ta fito fara mai sheƙi, garkuwar ta yi, in ta yi ruwan ɗorawa, iskar duniya ta ɗan shiga, in ta yi shuɗi, ta shiga da yawa, in ta yi toka-toka, aikin ya ɓaci, sai a goge a sake.

Kuskuren mai koyo a nan shi ne zaton yawan iska shi ne yawan kariya. In aka buɗe ta da ƙarfi sai ta yi guguwa, ta jawo iskar duniya cikin wurin da a ke son a tsare. Abin da a ke so shi ne ta riƙa kwarara a hankali, bakin tiyo yana kusa da ɗigon, a karkace, kuma ta fara zuwa kafin harbi, ta ɗan daɗe bayansa har wurin ya huce.

Yadda a ke gyaran zobe

Bari mu ɗauki zoben da aka yanka don a rage shi. Da farko a wanke shi sarai, gama maiƙo da sabulu da dauɗa suna ɓata walda. Sa'an nan a gyara bakunan biyu su haɗu ba giɓi. Da ya ke harbi ɗaya ba ya ratsa ƙarfe mai kauri, sai a fiƙe bakunan da magagari su yi kamar kwari, ƙasansu kaɗai ya haɗu. A yi harbi biyu ko uku don a kafa su, a duba ko sun daidaita, sa'an nan a bi gindin kwarin da ƙanƙanen ɗigo, kowane ɗigo yana hawa fiye da rabin na bayansa, kamar jerin ɓawon kifi. Daga nan a kawo siririyar waya ta irin ƙarfen zoben, a kwantar da ita cikin kwarin, a saita harbin ya kama rabi waya rabi zobe, a yi ta ciko hawa hawa har ya ɗan ɗara fuskar zoben. A ƙarshe a faɗaɗa ɗigon a lallashe wurin, a goge, a wanke.

Zoben matar nan mai zumurrudu kuwa, da wayar nan za a gina masa sabon farce, dutsen yana zaune wurinsa. Amma a lura: leza ba ta ɗumama dutse daga nesa, in kuwa ta same shi kai tsaye, ko hasken ya yi tsalle daga ƙarfe mai sheƙi ya faɗa masa, ta ɓata shi nan take, ko da daimon ne. Don haka a kan rufe dutsen, a karkata zoben yadda harbin zai bi nesa da shi.

Ba a ce liƙi ya ƙare ba. Haske miƙe ya ke tafiya, inda ido bai gani ba leza ba ta kai ba, alhali narkakken sinadari ya kan kurɗa lunguna da kansa. Kuma da ya ke waldar leza tana hucewa farat ɗaya, a wasu ƙarafa ta kan fito da gautsi. Maƙerin kirki ya kan ajiye hanyoyin biyu, ya san inda kowace ta dace.

Koyo

Kamfanonin da su ke ƙera waɗannan na'urori a Jamus da Italiya da Amurka su kan koya wa mai saye sarrafa su cikin 'yan kwanaki. Amma a Jamus ɗin nan, inda garin Pforzheim ya ke sana'ar kayan ado tun 1767, koyon ƙirar zinariya shekara uku da rabi ne, tsakanin shago da makaranta. Tazarar da ke tsakanin 'yan kwanaki da shekara uku da rabi ita ce sanin ƙarfe, da sanin dutse, da iya magagari. Wanda ya san feda kaɗai, ƙaramin sani ne gare shi, shi kuwa ƙuƙumi ne.

Tsarin da ya kamata shi ne yaro ya fara da guntayen ƙarfe marasa daraja, yana juya ma'auni ɗaya kurum ya bar ukun, yana duban abin da ya sauya. Ya saba da daidaita madubin da idonsa, domin in wurin haɗin bai fito sarai ba, harbin ma ba a kansa ya taru ba. In ya haɗa guntaye biyu, ya lanƙwasa su da awartaki har su karye, ya dubi cikin karayar, gama walda ta kan yi kyau a fuska alhali cikinta hoto ne. Ya ajiye littafi yana rubuta ma'aunan da suka yi masa daidai a kowane ƙarfe. Sai bayan wannan a ba shi azurfa, sa'an nan zinariya, kayan mutane masu duwatsu kuwa su zo a ƙarshe.

Haɗari uku ne ya wajaba a karanta masa tun ranar farko. Hasken nan da ba a gani yana ratsa ido har ƙwayar gani ta can ciki, ido kuwa ba ya ƙiftawa don bai san ya zo ba, ɓarnar kuma ba ta warkewa. Saboda haka ba a cire gilashin kariya, ba a aiki akwati a buɗe. Na biyu hayaƙin ƙarfe, musamman na tsohon liƙi mai kadmiyam, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan ado a 2011 saboda dafinsa. Na'urar zuƙe hayaƙi ta riƙa aiki kullum. Na uku agon kanta: ba ta da launi ba ta da wari, in tukunyarta ta yi yoyo a ɗaki rufaffe sai ta taru a ƙasa ta kore iskar numfashi.

Kalmomi

Duk bayanin nan da baki uban gida zai yi wa yaronsa, saboda haka kalmomin suna da nauyi. Kalmar walda an aro ta daga sunan mai yin aikin a Ingilishi, Hausa ta mai da ita sunan aikin, ta koma ta ce mai walda. Ta zauna daram, ba ta bukatar canji, sai dai a tsare bambancinta da liƙi, domin mai kaya yana da hakkin ya san wanne aka yi masa. Sinadari kuwa a wurin maƙera abin liƙi ne, amma yau ma'anarsa ta faɗaɗa ta haɗa da kowane irin haɗi na kimiyya, har yara da yawa ba su san ta farkon ba. Mai koyarwa ya riƙa cewa sinadarin liƙi. Leza harufan farko ne na kalmomin Ingilishi biyar aka harhaɗa, ta kuwa dace da ginin gaɓar Hausa, illa dai ta yi kusa da reza a kunne, shi ya sa ya fi kyau a ce hasken leza ko waldar leza.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar gas. A kunnen Bahaushe gas abin girki ne, mai kamawa da wuta. Yaron da aka ce masa a buɗe gas zai zaci shi ne ya ke narkar da ƙarfen, ya ƙara shi don aikin ya yi sauri, ya ɓata waldar. Zai kuma yi ta tsoron gobara, ya manta da shaƙewa, wadda ita ce ainihin haɗarin. Shawarata ita ce a ce iskar garkuwa, domin sunan da kansa ya faɗi aikinta. Haka nan harbi, da ɗigo, da wayar ciko, da sunayen ma'aunai huɗu, watau ƙarfi da daɗewa da faɗi da yawa, duka kalmomi ne da maƙeri ya riga ya sani.

Waɗannan shawarwari ne kurum, hukuncinsu yana wurin masu sana'a. Abin da ya rage ga ɗaliban wannan sashe shi ne su zauna da maƙeran fari, su rubuta sunayen kayan aikinsu da na matakan liƙi yadda su ke faɗinsu, tun dattawan da suka san su suna raye, don a gina sababbin kalmomi a kan tsofaffi. Allah ya sa mu dace.